Barga Biyu, Babu Doki a Ciki

Tun da na dawo daga Damagaram ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a majalisarmu ta bakin masallaci sai wani ya ce, "Malam Habu, wai da gaske kun tsallaka wata ƙasa don kawai ku kalli ɗakin doki?" Na ba da labarin har bakina ya gaji, kuma na lura duk wanda ya tashi daga wurina sai ya ƙara masa gishiri. Shekaranjiya da kunnena na ji wani yana rantsuwa wai an tsare mu a kan iyaka an aske mana gemu. To ga shi a rubuce. Wanda ya sake tambayata, miƙa masa zan yi ya karanta, in ci gaba da shan shayina.

Gidanmu a Mandawari yake. Kakana bafatake ne, cinikin dawaki yake yi tsakanin Kano da Damagaram. Mutanen zamaninsa turke suke kafawa a tsakar gida, su yi wa doki rumfar zana, shi ke nan. Shi kuwa soro guda ya gina wa nasa: doguwar barga ta tubali, bango mai kaurin da za ka iya kwanciya a kansa, rufin azara a kan bakan gizo uku, da komin zuba harawa a jikin bango. An ce mutanen unguwa sun daɗe suna yi masa ba'a, wai dawakinsa sun fi iyalinsa ɗaki mai kyau.

Ni dai ban taɓa ganin doki a cikinta ba. Abin da na tashi na gani kusa da turke shi ne basfar babana, wanda ya sa aka yi masa ɗan siririn gangare a bakin ƙofa don ya riƙa tura ta ciki. A can ƙurya kuma akwai Gwaggo Rabi, ƙanwarsa. Da mijinta ya rasu ta dawo gida da ɗanta, ta sa aka huda mata 'yar taga ƙasa-ƙasa a bangon da ke kallon lungu. Tana zaune a kujera 'yar tsugunno, tana suyar ƙosai a cikin barga, tana miƙa wa masu saye ta tagar. Da ƙosan tagar nan ta raini ɗanta Ɗanlami, ta kai shi makaranta, ta ba shi jarinsa na farko. Duk sun rasu, Allah Ya jiƙansu. Bangon ma ya bi su, daminar bara waccan ya zube da taga da komai, muka kare wurin da kwano.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙadangaren a nan shi ne Ɗanlami, wato Alhaji Ɗanlami taubashina, mai sayar da tayal da kayan banɗaki. Mutum ne da in ya ga fili, ko na Idi ne, sai ya fara yanka shaguna da ido. Ya ce a rushe barga a yi filaza, tunda yana da kason uwarsa a gidan. Na ce sai dai a rushe ta a kaina. Ana cikin haka masu kula da gine-ginen tarihi suka zo, har da wata Malama mai zanen gine-gine da ta yi ta ƙwanƙwasa bango tana sauraro. Ta ce ba ta san irinta da ta rage a cikin birni ba, kuma in aka gyara ta da ƙasa yadda aka gina ta, za a iya sa ta cikin gine-ginen da ba a taɓawa. Ɗanlami ya ce, "Malama, tarihi yana biyan haya?"

Muka kai ƙara wurin Hajiya Auta, autar su babana, wadda yanzu ita ce babbar gidan gaba ɗaya. Ta saurare mu tana gurza goro a magogi. Da muka gama haushi ta ce, "Maginin da ya gina wannan, shi ya gina wa fatoman kakanku, wato mai masaukinsa, irinta a Damagaram, inda yake sauka da dawakinsa. Ku je ku gano min. In tana tsaye, a gyara tamu. In ta faɗi, to kwanansu ne ya ƙare, a rushe. Kuma tare za ku, don na san ba wanda ya yarda da bakin wani a cikinku."

Ta haɗa mana tsarabar alkaki cikin kwalla mu kai wa mutanen gidan. Muka tafi, ni ina addu'ar bango ya tsaya, shi yana addu'ar ya faɗi, a kujera ɗaya.

Motar da muka samu a tasha ta ga duniya. Ƙofar gefena da igiya ake rufe ta, kuma direban yana yi mata magana kamar mai lallashin amarya duk sanda za mu hau tudu. A bayanmu wata Hajiya ce mai fataucin robobi, wadda tun kafin mu kai Kazaure ta san sunan matana da dalilin tafiyarmu, ta kuma yanke hukunci: Alhaji ya fi ni hankali, ni na fi shi kunya. Ɗanlami kuwa hanya duk ta zama masa filaye. "Kalli wancan kangon, Habu. Shago takwas, da bene."

"Masallaci ne, Alhaji."

"To a sama za a mayar da shi."

Na ƙi yarda a sa kwallar alkaki a but, don na ga abin da ake dannawa a ciki. Na rungume ta a cinya. Rana ta buɗe, mota ta yi zafi, zumar alkaki ta narke ta bi gefen murfi ta sauka a hankali a kan farar babbar rigata, wadda na ɗinka musamman don Damagarawa su san Bakano ya zo. Ban lura ba sai a Daura, da na fito wanke fuska na ga ƙudaje sun yi mini rakiya har bakin famfo. Ɗanlami ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Da ba don Hajiya mai robobi ta shiga tsakani ba, da a nan zumunci ya yanke.

A kan iyaka, ɓangarenmu ba a daɗe ba. Da muka tsallaka, wani ma'aikaci dogo mai fara'a ya karɓi takardunmu, ya dube ni, ya dubi ƙudajen.

"Lahiya lau, Alhazai? Mi ya kawo ku?"

"Barga za mu gani," in ji ni.

"Doki za ku saya?"

"A'a. Ɗakin kawai za mu kalla."

"Ku ba ku da irinta a Kano?"

"Muna da ita."

"Da doki a ciki?"

"Babu."

Ya ajiye takardun, ya leƙa waje ya kira abokan aikinsa biyu, ya ce in maimaita daga farko. Ashe Badamagare ne, kuma kowa ya san wasan da ke tsakaninmu da su. Ya ce shekarunsa a wurin nan ya ga Kanawa masu zuwa sayen rago, da masu zuwa neman aure, da masu gudun surukai, amma yau ya fara ganin masu ziyarar ɗakin dokin da ba doki. Ya buga mana hatimi, ya ce mu gaida bargar. Wannan shi ne duk tsarewar da aka yi mana, kuma gemuna yana nan, kowa yana iya zuwa ya duba.

Daga nan hanya ta yi shiru. Ba hon, ba mai zagin wani, sai amalanken shanu da raƙuma jefi-jefi. A Matamaye muka tsaya cin abinci. Burodinsu dogo ne kamar sanda, ɓawonsa har yanka dasashi yake. Amma furarsu, ko da yake ba na son yabon Badamagare, dole in faɗi gaskiya: nonon nono ne, ba ruwan alli ba. Shayi kuma a ɗan kofi mai kamar murfin kwalba, sai an zuba maka sau uku, na farko ɗaci kamar maɗaci. Na shanye na farko na miƙe, mai shayin ya dube ni kamar na tashi ana tsakiyar huɗuba. Dole na koma na zauna.

Abin da ya kusa kashe Ɗanlami shi ne isarmu Damagaram da azahar. Shaguna da yawa a rufe, masu su sun tafi gida hutawa, sai la'asar. Ya tsaya a tsakiyar titi yana salati. "Habu, rana tsaka! Mutum ya rufe shago da ƙafarsa, ba gobara, ba rasuwa!" Na ce ai shi ya sa ba su da hawan jini irin nasa.

Gidan da muke nema yana cikin tsohon birninsu, lunguna irin namu, sai dai babu kwata a tsakiya kuma babu ɗan acaɓa da zai ɗauke maka gwiwa. Mai gidan yanzu Alhaji Mutari ne, jikan fatoman, dattijo siriri mai rawani da idon shaƙiyanci. Da ya ji daga inda muke, sai ya juya cikin gida ya ɗaga murya: "A rufe tukwane, a ƙirga takalma, Kanawa sun iso!" Sannan ya rungume mu ɗaya bayan ɗaya, idonsa ya kawo ruwa, ya ce ya yi zaton zumuncin nan ya mutu tare da iyaye. Na miƙa masa kwalla. Ya buɗe, ya ga alkaki ya zama dunƙule ɗaya, ya dubi rigata, ya ce ya gode, amma da alama rabonsu a jikina yake.

Ni kuwa hankalina ba ya wurin wasa, domin tun daga ƙofar gida na ga abin da ya tsinka mini zuciya. Wani ƙaton doki akawali ne ɗaure a waje, ƙarƙashin rumfar zana, yana cin harawa a rabin duro. Mai barga ba ya ɗaure doki a titi. Na dubi Ɗanlami, na tarar shi ma ya gani, yana murmushi irin na wanda aka biya masa Hajji. Ya matsa gefe ya kira birkilansa a waya, na ji yana cewa a fara tambayar bulo.

Na nemi a nuna mana bargar nan take. Alhaji Mutari ya ce, "Haba bawana, a Kano haka kuke yi? Baƙo ya shigo da yunwa a kai shi ɗakin dabba? Sai gobe." Aka sauke mu a wani soron ƙasa mai sanyi. Ɗanlami ya zagaye shi yana neman wurin da fanka take, bai samu ba, bai kuma yi gumi ba, amma ya ƙi ya ce komai don kada in ji daɗi. Aka kawo tuwon gero da miyar yakuwa, da dambun zogale, da kilishi mai laushin da ko Hajiya Auta za ta iya ci. Shi ya ci kamar ango. Ni kuwa kowace loma sai na tura ta da ruwa.

Da safe bayan mun karya, aka haɗa mu da ƙanen mai gida, Malam Isufu, tsohon malamin makarantar boko da suke kira lakwal. Shi ke zagayawa da baƙi. Yana da 'yar sandar nuni da tabarau a kan hanci, kuma kafin ya ce kalma uku ta Hausa ya jefa ɗaya ta Faransanci. Ya bi da mu ta wani lungu a bayan gida, muka sha kwana.

Ga ta nan tsaye.

Jama'a, ban san sanda na yi kabbara ba. Bango ya sha yaɓe sumul, indararo a wurinsa, ga wani ɗan allo a jikin ƙofa da ke cewa ginin tarihi ne, hukuma ke kula da shi. Ɗanlami ya tsaya kamar an dasa shi. Da ƙyar ya ce, "To dokin fa? Me yake yi a waje?"

"A'a, Alhaji," in ji Malam Isufu, "doki ba ya shiga nan. Fitsarinshi yana cin gindin bango. Tun da aka sa ta cikin kayan tarihi aka hana. Ko ƙusa ba mu bugawa sai mun nemi izini. Ku ma ku tuɓe takalma."

Haka muka shiga ɗakin doki ba takalmi, mai ɗakin yana waje yana kallonmu. A raina na ce, lallai kowace ƙasa da irin nata hankalin.

Ciki kuwa kamar na shiga gidanmu ina ɗan shekara goma. Tsawon ɗaya, komin ɗaya, turakun a inda suke. Malam Isufu ya ɗaga sanda ya nuna bakan gizo na tsakiya, wanda ya ɗan karkace hagu. Ya ce hikimar magabata ce, don iska mai zafi ta samu hanyar fita. Na yi mamaki, don namu ma haka ya karkace, amma mu mun san dalili: gara ce ta ci azara tun zamanin kakanmu, aka tokare shi ya tsaya a haka. A raina na ce wataƙila garar ma tagwaye ce.

Sai ya dawo da mu bakin ƙofa ya nuna wani ɗan siririn gangare. "Wannan don goɗiya mai ciki aka yi shi, kada ta yi tuntuɓe." Na durƙusa na duba. Faɗinsa bai kai tafin hannuna ba. Goɗiyar da za ta hau wannan sai dai in ƙafa ɗaya gare ta, kuma ta roba. Na fara zargin wani abu, amma ban gama haɗa lissafin ba ya wuce da mu ƙurya.

"Ga kuma abin da Turawa suka fi ɗauka hoto," in ji shi, yana gyara tabarau. Ya nuna wata 'yar taga ƙasa-ƙasa, daidai gwiwar mutum, tana kallon lungu. "Zamanin yaƙi, ta nan barade ke leƙen Kanawa in sun taho. Ku yi haƙuri, tarihi ne."

Ɗanlami bai yi dariya ba, bai kuma rama ba, abin da bai taɓa faruwa ba tun da na san shi. Ya tattare rigarsa ya tsuguna a gaban tagar. Ya shafa gefenta. A hannun dama akwai wani ɗan gurbi a jikin bango, ya sa yatsunsa a ciki.

"Nan gwangwanin yaji yake zama," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. Sannan ya ɗago. "Malam, wannan tagar ƙosai ce. Ta uwata ce."

Sai muka ji wani abu kamar tari a bayanmu. Alhaji Mutari ne ya jingina da turke, yana dariya har rawaninsa ya kwance. Da ya samu numfashi ya ba mu labari. Tasu bargar ta asali ta rushe ƙasa warwas a wata damina mai ruwa, yana saurayi. Mahaifinsu ya ce ba zai mutu ya bar kango a inda ubansa ya bar gini ba. Ya tura magininsa Kano, gidanmu, ya auno tamu da igiya yana ƙulla mata ƙulli, ya kuma ja masa kunne kada ya rage komai, kada ya ƙara komai. Bawan Allah ya cika umarni. Ya kwaso karkacewar gara, ya kwaso gangare, ya kwaso taga har da gurbin yaji, a zatonsa duk sirrin ginin Kanawa ne. Lokacin ni da Ɗanlami muna makarantar kwana, shi ya sa ba mu san an yi ba. Malam Isufu kuma yana karatu a Yamai. Da ya dawo ya tarar da abubuwan da ba su da bayani, sai ya yi musu.

"Yaya!" in ji Malam Isufu. "Shekara da shekaru ina tsayawa nan ina gaya ma mutane, kana ji, ba ka taɓa cewa uffan ba?"

"To ai naka ya fi daɗi. Su hukuma sun san an sake gina ta, sun ce tunda da ƙasar wurin aka yi, da hannu irin na da, ba laifi. Taga ce dai ba su tambaya ba."

Malam Isufu ya juyo gare ni a sanyaye, ya nuna gangaren da sandarsa. "Goɗiyar fa?"

"Basfa ce, Malam. Shuɗiya."

Ya zauna a bakin komi ya cire tabarau.

Ni ma dariyar na yi, amma ba ta kai ciki ba, don na tuna sharaɗin Hajiya Auta. In ta faɗi, a rushe. To ta faɗi. Wadda muke tsaye a ciki 'yar tamu ce, ba 'yar'uwarta ba, kuma Ɗanlami ya ji da kunnensa. Alhaji Mutari da ya ji yadda muka yi da Hajiya sai ya ƙara mini gishiri a ciwo. Ya dafa kafaɗar Ɗanlami ya ce, "Don Allah ku rushe taku, ku yi mana alheri. Daga ranar tamu ce ta asali. Isufu ya riƙa cewa Kanawa sun taɓa kwaikwayonmu, suka kasa riƙewa."

Muka fita, Ɗanlami ya tsaya. Da na waiwaya daga lungu, sai na ga hannunsa ya fito ta tagar, a buɗe, ya daɗe a haka kafin ya janye. Na tausaya masa, kuma a karon farko cikin shekaru na ji kewar Gwaggo Rabi ta taso mini. Na tuna yadda take ɗora mini ƙosai ɗaya gyara, ta ce kada in gaya wa ɗanta.

Ranar da za mu taho Ɗanlami ya ɓace bayan sallar asuba, bai dawo ba sai da aka kawo koko. Ban tambaye shi ba. Mutanen gidan suka cika mu da kilishi da cuku, Malam Isufu ya raka mu tasha yana tambayata sunan Gwaggo da irin man da take suya da shi, don ya gyara bayaninsa. A hanya na so in roƙi Ɗanlami ya rufa wa barga asiri, mu ce tana tsaye mu yi shiru, tunda ba ƙarya ba ce. Sau biyu ina buɗe baki, girman kai yana rufe mini. Shi kuwa har muka shigo Kano bai yanka shago ko ɗaya ba. Ko ma'aikacin nan na kan iyaka da ya tambaye mu lafiyar bargar, ni kaɗai na amsa.

Muka sami Hajiya Auta a inda muka bar ta, da magoginta. Bayan gaisuwa ta ce, "To? Tana tsaye ko ta faɗi?"

Na buɗe baki, ya riga ni.

"Ta faɗi, Hajiya."

Na runtse ido. Na ji har ƙarar katafila a kunnena.

"Ta faɗi," ya sake cewa, "suka tashe ta. Damagarawa fa, Hajiya, masu rufe shago da azahar." Ya sa hannu a aljihu ya zaro wata igiya mai ƙulle-ƙulle ya ajiye a gabanta. "Ga awon tagar Inna. Tsawo, faɗi, da tsayinta daga ƙasa, har gurbin yaji. A mayar mini da ita yadda take."

Hajiya ta ɗauki igiyar ta jujjuya. "Ƙullinka bai kai na magininsu kyau ba," ta ce. "Ni na riƙe masa bakin igiya ranar da ya zo. Rabi ta cika shi da ƙosai har ya kasa tashi."

"Hajiya!" na ce. "Kin sani, kika bar mu muka sha wannan hanya? Kin ga abin da ya sami rigata?"

"Kai rufe mini baki, ba don kai na yi ba. Wannan da na ce masa uwarsa tana da taga a Damagaram, cewa zai yi a sa mata tayal."

An fara aiki bayan damina. Amma in kuna zaton na huta, ba ku san Ɗanlami ba. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Mutumin da ya so ya kawo katafila yanzu shi ne sarkin tsaron tarihi. Ya kori birkilansa da ya zo da buhun siminti. Ya hana ni buga ƙusar da zan rataya buta. Malama mai zanen gine-gine ta ce a ƙa'ida taga ba ta cikin ginin asali, bai kamata a mayar da ita ba. Ya ce ta je Damagaram ta gani, Turawa ma ita suka fi ɗauka hoto. Suka yi ta fafatawa har ta gaji ta yarda, ta ce abin da mutanen gida suka rayu da shi ma tarihi ne. Ni ma na samu gangaren babana a cikin rabon.

Juma'ar da yaɓe ya bushe, na fito da safe na ga layi a lungu. Na leƙa ciki. Alhaji Ɗanlami ne, da babbar riga, ya naɗe a kan kujera 'yar tsugunno da ta yi masa kaɗan, uwargidansa tana suya a gefe, shi yana miƙa ƙosai ta taga, sadaka ga Gwaggo. Idonsa ya yi ja. Ya ce hayaƙi ne, ban yi musu ba.

Wani baƙo mai wucewa, da ganinsa ba ɗan unguwa ba ne, ya tsaya yana kallon ginin. Ya sunkuya ya leƙo ya ce, "Alhaji, don Allah wannan 'yar tagar ta mece ce, a ƙasa haka?"

Ɗanlami ya share ido da hannun riga, ya gyara murya.

"Ta nan kakanninmu suke leƙen Damagarawa in sun taho," ya ce. "Ungo ƙosai. A sa yaji?"